Yadda ake ƙera akwatin sifikar mota a Kumasi, da yadda ake yanka masa kuɗi

Motoci biyu za su sa wufa, wato babbar sifikar bes, iri ɗaya da amfilifaya iri ɗaya, amma ka ji ɗaya bes ɗinta na dukan ƙirji tsaf, ɗayar kuwa sai gurnani da karkarwar lambar mota. Galibi akwatin ne. Kafintocinmu na Aboabo da Asawase sun iya haɗa katako, babu mai musun wannan. Inda ake faɗuwa shi ne a ƙera akwatin da ido: a dubi but, a dubi sifika, a yanka. Alhali yawan iskar da ke kulle a cikin akwati shi ke juya sautin, kuma iska ba a auna ta da ido. Wannan bayani na wanda ya riga ya san zarto da gam ne, yana son ya ƙara lissafi a kai, ya kuma daina yin aiki a bakin uwar kuɗinsa.

Fara da mai motar

Kafin ka ɗauki tef, tambayi abu uku: me yake saurara, but nawa zai iya sadaukarwa, kuma wace amfilifaya ce za ta tura sifikar. Yaron da ke jin asakaa da afrobit yana neman bes mai zurfi, mai girgiza madubi. Mai hailaif da waƙoƙin Hausa ya fi son bes mai tsabta wanda ba ya danne murya. Idan kuwa dattijo ya ce maka, "Masta, ni karatu da wa'azi nake sa wa, muryar ce ba ta fita," gaya masa gaskiya: "Alhaji, akwati ba zai yi maka maganin wannan ba, sifikun ƙofa za mu canza." Ka rasa aikin akwati, amma ba ka sayar masa da abin da zai dawo yana ƙorafi a kai ba.

Maganar but ita ce ke kawo rigima daga baya. Direban tasi yana ɗaukar kayan fasinja daga Kejetia, wasu tasin ma tukunyar gas ce ta cinye rabin but ɗin. Mai Vitz ko Picanto ba shi da wuri tun asali. Ku tsayar da magana a gaban motar, but a buɗe, ya nuna maka da hannunsa iyakar inda ya yarda akwatin ya kai.

Awon but

Auna wurare huɗu, ka riƙe mafi ƙanƙanta a kowanne: faɗin bakin but, faɗin da ke tsakanin tudun tayoyin baya, tsayi daga ƙasa zuwa ƙarƙashin allon baya, da zurfi daga bayan kujera. A Corolla da ire-irenta ka rufe murfin a hankali ka ga inda hannayen ƙarfensa suke sauka, don suna cin wurin da ba ka zata ba. Akwati yakan dace da cikin but sarai amma ya ƙi shiga ta bakin. Maganin wannan kwali ne: yanka kwali daidai girman akwatin, ka haɗa da salatif, ka gwada shigarwa da fitarwa. Ka kuma tabbata ana iya ɗaga shimfiɗar ƙasa a ciro safaya taya ba sai an kwance wayoyi ba.

Takardar sifika

Wufa ta kirki tana zuwa da takarda, ko a same ta a intanet da lambar da ke jikin maganaɗisu. Kamfanoni irin su Pioneer, JBL da Kicker sukan rubuta girman akwatin da suke so kai tsaye, rufaffe da mai bututu. Idan sun rubuta, bi nasu, ka huta. Sau da yawa da "cu ft" suke rubutawa. Kowane ɗaya lita 28.3 ne.

Idan babu girman akwati, nemi lambobi uku da ke nuna halin sifikar, Fs da Qts da Vas. Suna cikin ma'aunan da ake kira da sunan injiniyoyi biyu, Thiele da Small. Ka zuba su a manhajar WinISD, kyauta ce a kwamfuta, za ta zana maka yadda sifikar za ta yi a kowane girman akwati. A taƙaice, Qts ƙasa da 0.4 ta fi son akwati mai bututu, daga 0.4 zuwa 0.7 rufaffe ya fi karɓarta.

Sai kuma abin da ya fi yawa a hannun mutanenmu: wufa hom-yus da aka tsinto a Suame Magazine, ko sabuwa fil daga shagunan Adum an buga mata wat 3000 a kwali, ba takarda ba komai. Wannan lamba ta talla ce. Wadda ake aiki da ita ita ce RMS, wato ƙarfin wutar da sifikar ke iya ɗauka a kai a kai, kuma takan yi ƙasa da ta kwalin nesa ba kusa ba. Irin wannan sifika da ba a san halinta ba, ni rufaffen akwati nake ba da shawara, domin yana yafe kuskure.

Rufaffe ko mai bututu

Rufaffen akwati ƙarami ne, mai sauƙin haɗi, bes ɗinsa a tsuke, kuma iskar ciki tana riƙe faifan sifikar kada ya wuce gona da iri. Inci 10 takan zauna a lita 17 zuwa 28, inci 12 a lita 28 zuwa 35. Ko ka kuskure da lita biyu uku, kunne ba zai kama ba.

Mai bututu ya fi ƙara da wuta iri ɗaya, shi ya sa samari ke nemansa, amma yana cin wuri kusan ninki biyu: inci 12 takan so lita 50 zuwa 70. Aikinsa kamar hura iska ne a bakin kwalba. Girman cikin kwalbar da tsawon wuyanta su ke yanke irin sautin da zai fita. Akwatin shi ne cikin, bututun shi ne wuyan. A mota, yawanci ana daidaita shi tsakanin Hz 32 da 38. Hz ma'aunin sauti ne: in lambar ta yi ƙasa, sautin ya fi zurfi. A nan kuskure ba ya ɓuya.

Lissafin, dalla-dalla

Mu ɗauki aiki na gaske: wufa ɗaya inci 12, akwati mai bututu, iska lita 55, a daidaita a Hz 35, katako mai kaurin milimita 18.

Lita 55 ɗin nan iska ce zalla. Duk abin da zai zauna a cikin akwatin yana cin wuri, sai an ƙara nasa a kai. Ƙugun sifika da maganaɗisunta, a ce lita 3. Bututu, lita 3. Katakon tokare na ciki, lita 1. Ke nan cikin akwatin zai zama lita 62, wato santimita kubik 62,000. Nan ne da yawa ke zamewa: su auna akwatin ta waje su ce lita 62 ne, alhali katako ya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

But ɗin ya ba mu faɗi santimita 80 da tsayi 36 ta waje. Cire kaurin katako biyu, 3.6, daga kowanne: faɗin ciki 76.4, tsayin ciki 32.4. Ninka su, ka sami 2,475. Raba 62,000 da 2,475, zurfin ciki ya fito santimita 25. Mayar da 3.6, zurfin waje 28.6. Idan bayan akwatin zai jingina da kujera a karkace, auna zurfin sama da na ƙasa, ka haɗa ka raba biyu, ka yi aiki da wannan.

Yanzu bututu. Fayif ɗin PVC inci 4 na masu aikin famfo cikinsa kusan santimita 10 ne. Auna naka, don suna bambanta. Ninka faɗin da kansa, 100. Ninka da 23,562.5, tsayayyiyar lamba ce ta wannan lissafi, ya ba da 2,356,250. A gefe guda, ninka Hz ɗin da kansa da litar iskar, wato 35 da 35 da 55, ya ba da 67,375. Raba na farko da na biyu, ka sami 35 saura kaɗan. Daga nan cire faɗin bututun sau 0.732, wato 7.3. Tsawon bututu ya tsaya a santimita 28, har da ɓangaren da ya ratsa katako.

Ga abin lura: zurfin ciki 25 ne, bututu 28. Ba zai shiga ta gaba ba. Ko da zai shiga, bakinsa na ciki yana buƙatar sarari aƙalla faɗinsa guda tsakaninsa da bango. To sai a kai sifikar gefe ɗaya na fuskar, a shigo da bututun ta bangon ɗaya gefen, ya kwanta a tsawon akwatin. Abin da wasu ke yi shi ne su datse shi zuwa 15 don ya shiga. Da wannan datsewar akwatin ya tashi daga Hz 35 zuwa kusan 44: ƙara a wuri ɗaya kamar ana dukan ƙofa, zurfin ya tafi, kuma duk waƙar da ta sauka ƙasa da nan sifikar lilo kawai take yi ba abin da ke riƙe ta. Haka ake yaga wufa sabuwa a wata guda, a ce jabu ce.

Idan amfilifayar mai ƙarfi ce, inci 4 zai riƙa fito da huci. Kankare bakin fayif ɗin ya yi santsi yana ragewa. In bai isa ba sai a faɗaɗa, amma faɗi yana jawo tsawo: fayif mai santimita 15 a wannan akwati zai nemi kusan santimita 68, sai da gwiwa, kuma zai ci sama da lita 12, dole a sake lissafin girman daga farko. A irin wannan hali gara a gina hanyar iskar da katako a jikin bango.

Katako da yanka

MDF, wato fallen da ake matsawa daga lallausan zaren katako da gam, mai milimita 18 shi ne abin aiki: nauyi gare shi, ba ya amsa kuwwa, yana yankuwa sumul. Aibinsa ruwa. Damina biyu muke yi a Kumasi, kuma tsofaffin motoci da yawa robar but ɗinsu ta mutu. MDF ya sha ruwa sau ɗaya ya kumbura, shi ke nan. Ɗaga shimfiɗar but ka duba ramin safaya. In ka ga tsatsa ko laima, ko dai a gyara robar, ko ka koma filawud mai kauri ɗaya, wanda ka duba gefensa ka ga babu ramuka tsakanin fallayen. Katakon garin zarto da ake kabad mai araha da shi, bar shi inda ka gan shi. Sukuru ba ya kama shi.

Fallen katako ƙafa 4 ne da ƙafa 8, santimita 122 da 244. Akwatinmu na buƙatar sama da ƙasa guda biyu, 80 da 28.6, gaba da baya guda biyu, 80 da 32.4, gefe biyu, 32.4 da 25. Da tokare da asarar bakin zarto, rabin falle ne. Idan a Sokoban za ka saya, inda aka mayar da masu katakon Anloga, ba mai inji wannan jerin a rubuce, ka tsaya a kansa. Ka auna kaurin katakon da kanka, don wani ana ce masa 18 ne amma bai kai ba, kuma duk jerin a kan 18 aka gina shi. Ƙurar MDF mugun abu ce ga huhu, a rufe hanci.

Ramin sifika kada ka yanka shi da ƙa. Inci 12 yawanci ramin kusan santimita 28 ne, amma auna ta hannunka, ka gwada a kwali tukuna.

Haɗi

Jera fallayen a bushe ka ga sun zauna. Sannan gam na katako a kowace mahaɗa, a wadace, har ya ɗan tsatso. Gam ne ke riƙe akwati. Sukuru matsewa kawai yake yi kafin gam ya kama. Huda ƙaramin rami kafin kowane sukuru, in ba haka ba gefen MDF zai tsage, ka bar tazarar santimita 8 zuwa 10, kada ka matsa kusa da kusurwa. Sa tokare tsakanin gaba da baya kusa da tsakiya, inda ba zai tare bakin bututu ba. Bango mai santimita 80 in ba tokare lanƙwasa yake yi, kuma duk ƙarfin da ya tafi wajen girgiza katako ba zai zama sauti ba.

Bi duk mahaɗan ciki da silikon, har kewayen bututu da wurin fitar waya. Bar shi kwana ɗaya cur kafin ka ɗaura sifika. Tururin nan mai warin tsami ba ya yi wa gam da soson sifika kyau. Rufaffen akwati ana iya sa masa audugar filo sama-sama. Mai bututu kuwa kada ka cusa masa.

Goge kusurwoyi da samfefa, shafa gam ɗin kafet a katako da kafet duka, jira ya daina kama yatsa, ka ja ka manna, mahaɗar ta faɗa ƙasa ko baya. Fenti ko vanish a gindin akwatin kafin kafet yana ƙara masa kwana.

Ɗaurawa da gwaji

Taɓa wayoyin sifika da ƙaramin batir mai volt 1.5: in faifan ya turo waje, wayar da ke kan gefen + na batirin ita ce ja, wato mai +. Wufa mai naɗin waya biyu a ciki, kowanne om 4 (om ma'aunin turjiyar wuta ne), in ka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, om 2 ke nan. In ka jera su ɗaya bayan ɗaya, om 8. Duba abin da amfilifayar za ta iya ɗauka. Fis ya zauna kusa da batirin mota, cikin santimita 45. A akwati mai bututu kunna matatar da ke yanke sautin can ƙasa, wadda aka rubuta wa subsonic, ka ajiye ta wajen Hz 28.

A rufaffe, danna faifan a hankali da yatsu: in ya dawo sannu, akwatin ya riƙe iska, in ya dawo nan take, akwai yoyo. A mota, gwada sifikar tana kallon baya, sannan tana kallon kujera. Yawanci baya ya fi. Bar wa bakin bututu sarari. Ɗaure akwatin da ƙarfe ko bel, don katakon kaɗai ya kusa kilo 15, ban da sifika, kuma birki na gaggawa zai iya jefo shi. Kafin ka huda ƙasan but, leƙa ƙarƙashi ka san inda tankin mai da layin gas suke.

Kuɗi

Yawancin masu wannan aiki farashinsu daga bakin maƙwabci suke ɗaukowa. Wane ya yi a kaza, ni ma kaza. Ba ka san da wane katako ya yi ba, ba ka san ko yana cin riba ba. Yi naka a takarda, hawa biyar. Lambobin da ke tafe misali ne kawai don a ga tsarin. Ranar aiki ka sa na kasuwar ranar.

Hawa na farko, kaya. A ce rabin falle sidi 200, yanka 30, gam da sukuru da silikon 70, kafet da gam ɗinsa 120, fayif 30, mahaɗar waya da guntun waya 40, aboboya, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, daga Sokoban 40. Jimla 530. Kuɗin aboboya ɗin nan shi ake yawan mantawa. Idan falle guda ka saya kuma ba ka da wani aiki a gaba, ka sani rabin kuɗinka na jingine a bango.

Na biyu, asara: kashi 10 cikin ɗari, don yankan da ya karkace da kafet da ya gaza. Mun kai 583. Na uku, ladan hannu. Yanke wa kanka abin da yininka ya kai, ka ninka da kwanakin aikin, har da lokacin awo da lissafi da gwaji. A ce 150 sau biyu, 300. In akwai yaron shago, kuɗin abincinsa a nan yake. Na huɗu, shago: haya, katin wuta, bakin zarto da ke dakushewa, kamar kashi 10 na abin da ya taru, 90. Mun kai 973. Na biyar riba, kashi 20, kusan 195. Akwatin ya tsaya a 1,170 ko kusa. Ladan hannu daban, riba daban. Ladan ka ci da shi, ribar ita za ta sayi sabon inji.

Daga wannan tushe kake hawa ko sauka. Rufaffe ya fi araha, katako kaɗan, ba bututu. Baya mai karkata, hanyar iska ta katako, sifika biyu, fuska mai ninki biyu, fata a maimakon kafet, gilashin roba da fitilu, kowanne da kuɗinsa a layinsa. Ɗaurawa da jan waya aiki ne dabam, kada ya shige cikin kuɗin akwati a matsayin kyauta.

Ciniki kuwa dole ne, don haka ka san ƙasan da ba za ka sauka ba kafin ka buɗe baki. Zai ce, "Haba Masta, a bakin titi na ga irinsa rabin wannan." Kada ka zagi na bakin titi. Ka ce, "Gaskiya ne Yaya, akwai shi. Wancan an yi shi ne don kowace sifika, wannan don taka." Ka nuna masa takardar lissafin. In ya nace sai an rage, rage kaya a gabansa: a bar fitilu, a koma kafet mai sauƙi, a koma rufaffe. Kaurin katako da girman ciki ba sa cikin abin ragi. In tayinsa bai kai ba, albarka.

Karɓi kafin alƙalami da zai biya kayan gaba ɗaya, domin akwatin da aka yanka wa but ɗin wani da wuya ya dace da na wani. Sa wa farashinka wa'adi, mako ɗaya ko biyu. Wanda ya yi sana'a a 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a Disamba, ya san dalili. Kuma rubuta adadin da lamba a saƙon waya. Tun 2007 aka canza kuɗi, amma har yau wani zai ce maka "miliyan goma" yana nufin sidi 1,000, kuma a nan ake samun saɓani ranar biya. In ta MoMo zai turo, ku faɗi wanda zai ɗauki kuɗin cirewa.

A saƙon nan dai ka rubuta abin da ka lamunta: mahaɗa in ta buɗe, kafet in ya ɓanɓare, yoyon iska, duk naka ne har wata kaza. Ruwa da ya shiga but, da sifikar da aka ƙure wa ƙara har ta ƙone, na mai mota ne. Ka ajiye kwafin awon but da jerin yankan da sunan motar a littafi, don mai Corolla na gaba rabin aikinsa a gama yake, kuma kuɗinsa bai ragu ba.